Ƙaura Daga Jiha Zuwa Jiha a Amurka: Wane Haraji Za Ka Cire?

Mutumin da ya kwashe kayansa daga Bronx a New York ya koma Houston a Texas a tsakiyar shekara, hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, ba ta raba masa shekarar gida biyu. A wurinta shekara ɗaya ce, takarda ɗaya ce, zaɓi ma ɗaya ne. Jihohi su ne masu raba shekara, kowace ta yanki rabonta. Yawancin ruɗanin da 'yan'uwa ke shiga lokacin cike takardun haraji bayan ƙaura daga nan yake tasowa: ana cakuɗa abin da jiha ke nema da abin da tarayya ta yarda a cire.

Dokar tarayya ta ba ka damar cire harajin da ka biya wa jiha da ƙaramar hukuma daga cikin kuɗin shigarka kafin a lissafa maka harajin tarayya. Wannan ragi ne, ba a mayar maka da kuɗin gaba ɗaya. In kana cikin rukunin masu biyan kashi 22 cikin ɗari, ragin dala 1,000 zai sauƙaƙa maka dala 220. Amma harajin jiha iri biyu ne, kuma dole ka ɗauki ɗaya: ko harajin kuɗin shiga, wanda ake zarewa daga albashi, ko harajin sayayya, wanda ake ƙarawa a kan kaya a kanti. Ba a haɗa su. Ba za ka ce na watannin New York harajin albashi zan cire, na watannin Texas kuma harajin sayayya ba. Layi ɗaya ne, layi na 5a a takardar Schedule A da ke bin fam 1040, kuma akwai ɗan akwati a gefensa da za ka yi wa alama in harajin sayayya ka zaɓa.

Ba tun asali zaɓin yake haka ba. Garambawul ɗin haraji na 1986 ya soke cire harajin sayayya, sai mazauna jihohin da ba su da harajin albashi suka rasa abin cirewa. A 2004 majalisa ta dawo da shi a matsayin zaɓi na wucin gadi, aka yi ta sabunta shi har 2015 da aka tabbatar da shi dindindin.

Kafin ka wahalar da kanka

Wannan ragi ba ya aiki sai ga wanda ya zaɓi lissafa abubuwan cirewa dalla-dalla a Schedule A. Kusan kowa yana da ragin bai-ɗaya da doka ta yanka masa ba tare da ya kawo rasit ko ɗaya ba. A shekarar haraji ta 2025, dala 15,750 ne ga mutum ɗaya, 31,500 ga miji da mata masu cike takarda tare, 23,625 ga mai riƙon gida shi kaɗai da 'ya'ya. Sai in abubuwan da za ka lissafa sun zarce wannan adadi ne lissafin dalla-dalla zai amfane ka.

Abin da ke shiga ciki: harajin jiha da muke magana a kai, harajin gida da fili, kuɗin ruwan bashin sayen gida, kuɗin asibiti da ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigarka, da kyauta ga ƙungiyoyin agaji masu rajista a Amurka. A nan ya kamata a tsaya a fahimci wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Zakka ko sadakar da ka bayar ta hannun masallaci ko ƙungiyar da IRS ta amince da ita tana shiga lissafi, in ka riƙe takardar shaidar da suka ba ka. Kuɗin da ka aika wa dangi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya shiga, komai yawansa, komai ladansa. Haka kuma harajin gida ko fili da ka biya a wata ƙasa: tun 2018 ba a cire shi a wannan takarda.

Gaskiyar magana, yawancin masu zaman haya ragin bai-ɗaya ya fi musu. Amma shekarar ƙaura ba kamar sauran shekaru ba ce. A cikinta ne mutum ke sayen gida, ya sayi mota, ya cika ɗakuna da kaya, ya kuma biya ragowar bashin tsohuwar jiha. Wanda bai taɓa ƙetare ragin bai-ɗaya ba yana iya ƙetare shi a wannan shekara kaɗai, don haka kada ka ɗauka abin da ka yi bara shi za ka yi bana.

Akwai kuma rufi. Dokar 2017 ta ƙayyade jimillar harajin jiha da na ƙaramar hukuma da za a iya cirewa, har da harajin gida, a kan dala 10,000 daga 2018. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗaga shi zuwa dala 40,000 a shekarar 2025, rabin haka ga ma'aurata masu cike takarda daban-daban. A 2026 ya zama 40,400, zai riƙa ƙaruwa da kashi ɗaya cikin ɗari har 2029, sannan ya koma 10,000 a 2030. Wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 500,000 a 2025 rufin yana raguwa masa, amma ba ya yin ƙasa da 10,000. In takardar 2024 ko ta shekarun baya kake gyarawa, tsohon rufin ne ke aiki.

Hannun harajin kuɗin shiga

Ƙa'idar a nan ita ce abin da ya fita daga aljihunka tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba, ko na wace shekara ne, ko na wace jiha ce. Ɗauko duk takardun W-2 da ka samu daga wurin aiki. Akwati na 17 yana nuna harajin jiha da aka zare, na 19 kuma harajin birni ko gunduma. In ka yi aiki a jihohi biyu masu haraji, haɗa su duka. A kan wannan sai ka ƙara abin da ka cika wa tsohuwar jiha a watan Afrilu na ragowar harajin shekarar da ta wuce, domin a bana ka biya shi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, saboda ba ya cikin W-2. Sai ka duba kwafin takardar bara ko bayanin banki.

Direbobin tasi da na manyan motoci da duk mai aikin kansa, su suna biyan harajin ƙiyasi sau huɗu a shekara. Kason ƙarshe da ake biya a Janairu yana faɗawa cikin lissafin sabuwar shekara, ba shekarar da aka biya shi dominta ba.

Leƙa akwati na 14 ma. Kalifoniya da New York da New Jersey suna zare kuɗin asusun naƙasa na dole daga albashi, kuma IRS tana ɗaukarsa a matsayin harajin kuɗin shiga. Tara da kuɗin ruwan jinkirin biya, su ba a cire su.

Hannun harajin sayayya

Hanya biyu ce. Ta farko, ka tara rasit na shekara gaba ɗaya ka haɗa harajin da ke jikinsu. Kaɗan ne ke iya wannan, balle wanda ya yi ƙaura, rabin takardunsa na cikin kwali. Ta biyu, ka yi amfani da jadawalin da IRS ke bugawa a cikin littafin bayanin Schedule A. Jadawalin yana ba ka adadi gwargwadon jiharka, da kuɗin shigarka, da yawan mutanen gidanka. IRS tana da na'urar lissafi a shafinta na intanet mai yin wannan aiki, kuma tana tambayar wuraren da ka zauna da ranakun kowane.

Ga wanda ya yi ƙaura, ba a ɗaukar adadin jiha ɗaya kacokan. Za ka ɗauki na kowace jiha, ka ninka shi da kwanakin da ka zauna a can, ka raba da 365, ko 366 a shekara irin 2024. Harajin birni da gunduma ma haka ake yi masa. Texas tana karɓar kashi 6.25, amma a Houston jimillar ta kai 8.25. Jihar New York kashi 4 take karɓa, amma a cikin birnin New York 8.875 ne. Ko cikin jiha ɗaya ka canza gari, in ƙimar ta bambanta, sai ka raba kwanakin. In kuma ɗaya daga jihohin tana cikin biyar ɗin da ba su da harajin sayayya na jiha, wato Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon, kwanakin can ba za su ba ka komai ba, sai dai wasu garuruwan Alaska masu nasu.

Kuɗin shigar da ake dubawa a jadawalin ya haɗa da wanda ba a yi masa haraji, kamar kuɗin diyyar rauni a wurin aiki, da tallafin gwamnati, da ɓangaren fanshon tsufa da ba a taɓawa. Wanda ya bar su zai sauka a layin ƙasa ya samu adadi ƙarami.

Abin da ke juya lissafin sau da yawa shi ne manyan kaya. A kan adadin jadawali an yarda ka ƙara harajin da ka biya a kan mota, ko saye ko hayar dogon lokaci, da babur, da kwale-kwale, da kayan ginin gida ko na babban gyara, bisa sharuɗɗan da ke cikin littafin. In ƙimar harajin mota ta fi ta sauran kaya, iyakar ƙimar sauran kaya za ka cire. Kujeru da firji da talabijin ba sa cikin waɗanda ake ƙarawa. In kana so su shiga, sai ka bi hanyar rasit gaba ɗaya. Motar da ka saya don sana'a, ko don ka tura ta Kwatano ko Legas a sayar, harajinta ba a nan yake shiga ba, yana cikin lissafin kasuwancin.

A gwada da lambobi

A ce wani ma'aikacin jinya ne da iyalinsa suka bar Bronx suka isa Houston ranar 1 ga Afrilu 2025. Kwana 90 ke nan a New York, 275 a Texas. Lambobin da ke tafe misali ne kawai, naka za ka ɗauko daga takardunka da jadawalin shekarar.

A wata ukun farko an zare masa dala 2,400 na jiha da na birni, domin birnin New York yana da nasa harajin albashi daban da na jiha. A Afrilu ya cika dala 600 na ragowar 2024. Texas ba ta zare masa komai ba. Hannun farko ya tashi 3,000.

A ɗaya hannun, a ce jadawali ya ba shi 1,300 a New York da 1,600 a Texas, har da kason birni. Ninka 1,300 da 90 ka raba da 365, ka samu 321. Ninka 1,600 da 275 ka raba da 365, ka samu 1,205. Da isarsa Houston ya sayi motar gida ta dala 32,000, ya biya harajin mota kashi 6.25, wato 2,000. Jimilla 3,526. Harajin sayayya ya yi rinjaye.

Yanzu a matsar da ranar ƙaura zuwa 1 ga Oktoba, komai ya zauna yadda yake. Kwana 273 a New York, 92 a Texas. Abin da aka zare ya zama 7,200, da 600 ɗin nan, 7,800. Hannun sayayya kuwa 972 da 403 da 2,000, wato 3,375. Wannan karon harajin albashi ya ninka shi har da ɗori. Mutum ɗaya, mota ɗaya, albashi ɗaya, ranar tashi ce kawai ta sauya amsar. Shi ya sa ba na son shawarar da ake yawan bayarwa a majalisa cewa duk wanda ya koma Texas harajin sayayya zai ɗauka. Texas da Florida da Tennessee da Nevada da Washington da Wyoming da South Dakota da Alaska da New Hampshire ba su da harajin albashi, haka ne, amma wanda ya shafe wata tara a New York ko Kalifoniya kafin ya iso, tsohuwar jihar ce ke da nauyi a takardarsa. A lissafa duka biyun, sannan a zaɓa.

Duk wanda ya yi rinjaye, sai ka ɗora masa harajin gida a layi na 5b. In ka sayar da gida ko ka saya, ana raba harajin shekarar tsakanin mai saye da mai sayarwa bisa kwanaki, kuma adadin yana cikin takardar rufe ciniki. Kuɗin rajistar mota yana shiga layi na 5c ne kawai in bisa darajar motar ake yanka shi duk shekara.

Abin da zai biyo baya a baɗi

Wanda ya yi ƙaura, sau da yawa tsohuwar jiha tana mayar masa da wani abu, domin an zare fiye da ƙima. In harajin kuɗin shiga ka cire bana, kuma cirewar ta rage maka haraji, to kuɗin da jiha ta mayar yana iya zama abin haraji a takardar baɗi. Jihar za ta fitar da takarda 1099-G, adadin yana akwati na 2, IRS ma tana samun kwafi. Wasu jihohi, har da New York, ba sa aiko ta ta gidan waya, sai ka shiga shafinsu ka ɗauko. In ragin bai-ɗaya ka ɗauka, ko harajin sayayya ka zaɓa, kuɗin da aka mayar ba shi da haraji. Don haka in hannayen biyu sun yi kusa da juna, kuma kana sa ran jiha za ta mayar maka da kuɗi mai kauri, ɗaukar harajin sayayya ya fi kwanciyar hankali.

Rabon jihohi

Duk wannan na tarayya ne. Jihohin kuma kowace mai harajin albashi tana jiran takardar mazaunin rabin shekara. A New York sunanta IT-203, a Kalifoniya 540NR, a Virginia 760PY. Wanda ya bar birnin New York zai haɗa da IT-360.1 don a tsayar da harajin birni a ranar da ya tashi. Ka fara gama ta tarayya, domin na jihohi daga cikinta suke ɗiban lambobi. Virginia ma tana tilasta maka ka bi abin da ka zaɓa a tarayya, in dalla-dalla ka yi a can, dalla-dalla za ka yi a wurinta.

New York tana da abubuwa biyu da ke tayar wa mutane hankali. Na farko, doka ta sa kamfani ya rubuta albashin shekara gaba ɗaya a akwati na 16 na W-2, ko da wata uku kawai ka yi a jihar. Ba kuskure ba ne, kai ne za ka ware rabon New York a cikin IT-203, kuma takardar albashin ƙarshe kafin ka tashi ita ce hujjarka. Na biyu ya fi zafi. In ka koma Texas amma ka ci gaba da yi wa ofishin New York aiki daga gida don jin daɗin kanka, ba don kamfanin ya wajabta ba, New York tana ɗaukar wannan albashi nata ne, za ta ci gaba da yi masa haraji. Kuma in ka riƙe gida a jihar, ka kuma shafe fiye da kwana 183 a cikinta, tana iya ƙirga ka mazauni na shekara duka. Masu barin iyali a baya har yara su gama zangon makaranta, su kula da wannan sosai.

In jihohi biyu suka yi wa kuɗi ɗaya haraji, jihar da kake zaune cikinta galibi tana rage maka abin da ka biya wa ɗayar, amma sai ka nema a takarda. Wasu maƙwabta kuma suna da yarjejeniya, kamar New Jersey da Pennsylvania, ko Maryland da Virginia, inda albashi ke biyan haraji a jihar zama kawai.

A makon da ka isa, ka sanar da ofishin albashi sabon adireshinka a rubuce, ka duba takardar albashi ta gaba ka ga ko an daina zare wa tsohuwar jiha. In an ci gaba, kuɗin bai ɓace ba, amma sai baɗi za ka gan shi. Ka adana duk abin da ke nuna ranar ƙaura: takardar hayar sabon gida, rasit na motar kwasar kaya, sabon lasisin tuƙi, rajistar mota, takardar sa yara makaranta. Kuɗin kwasar kayan kansa ba a cire shi a takardar tarayya tun 2018, sai ga 'yan kaɗan kamar sojoji masu bin umarnin canjin wurin aiki. IRS kuma ana sanar da ita sabon adireshi da fam 8822.

Ɗalibai da ma'aurata

Ɗan'uwa ɗalibi mai bizar F-1, a shekaru biyar na farko galibi ba a ƙirga ka mazauni a dokar haraji, fam 1040-NR kake cikewa. Ba ka da ragin bai-ɗaya, ba ka da zaɓin harajin sayayya, amma kana iya cire harajin kuɗin shiga na jiha. In ka gama karatu a Ohio ka tafi aikin horo a Minnesota, haɗa abin da jihohin biyu suka zare ka cire shi, ko da ɗari biyu ne, tunda babu wani adadi da sai ka ƙetare.

Miji da mata masu cike takarda daban-daban, in ɗaya ya yi lissafin dalla-dalla, ɗayan ba shi da ragin bai-ɗaya. In dukansu harajin sayayya suka zaɓa kuma ɗaya ya bi jadawali, dole ɗayan ma ya bi jadawali.

Manhajojin cike haraji suna yin wannan kwatanci da kansu, amma da abin da ka ba su suke aiki. In ba ka shigar da ranar ƙaura ba, ko harajin mota, ko abin da ka cika wa jiha a Afrilu, za su zaɓa maka da rabin bayani. In wani ne ke cike maka, ka roƙe shi ya nuna maka adadin hannayen biyu kafin ka sa hannu, domin kai doka za ta tambaya, ba shi ba. Masu ƙaramin ƙarfi suna da shirin VITA na IRS, inda masu sa kai da aka horar ke cikewa kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. Ka tambaya tun da wuri ko wurin yana yin takardar jihohi biyu.

Wanda ya riga ya miƙa takardarsa, ya kuma ga ɗayan hannun ya fi, yana iya gyarawa da fam 1040-X cikin shekara uku daga ranar miƙawa. Ka haɗa da sabuwar Schedule A, ka riƙe rasit na motar da shaidar ranar ƙaura a wurinka, sannan ka duba ko canjin ya taɓa takardar jiha, domin in ya taɓa, ita ma sai an gyara ta.